Layin da Na Ce Zan Goge Gobe

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Zariya babu wanda ya kai ni iya haɗa kwamfutoci, na yi aiki a wani gidan ɗaukar hoton marasa lafiya a Tudun Wada. Ba babban wuri ba ne, amma muna da injin ɗaukar hoton cikin kai, irin wanda ake kwantar da mutum a tura shi ciki. Abin da ba mu da shi shi ne likitan da ke karanta irin wannan hoto. Shi yana wani gari. Idan an ɗauka, sai kwamfutarmu ta tura hoton zuwa wata ma'ajiya da muke haya a intanet, wadda 'yan sana'armu ke kira kilaud, shi kuma ya buɗe daga can ya faɗi abin da ya gani. Aikina kawai in tabbatar hoton ya isa.

Hanya biyu na shimfiɗa tsakaninmu da ma'ajiyar. Babbar ita ce wayar faiba da aka binne a ƙasa, ga faɗi ga sauri. Ta biyu eriya ce a kan rufi, ta ko-ta-kwana, domin a Tudun Wada ba a raba mu da masu haƙan kwata, digarsu kuwa ba ta san waya ba. A tsakiya akwai rauta, akwatin da ke zaɓar wa kowane saƙo hanyar da zai bi. Na ba faiba babban maki, na ba eriya ƙarami, wato kowa ya bi ta ƙasa, sai in ta yanke a koma ta rufi. Na yi haka a ɓangarenmu, na yi a ɓangaren kilaud saboda saƙon dawowa. Da na gama na jingina da kujera ina yaba wa kaina, tunda ba wanda zai yi mini.

Ba a daɗe ba babbar nas ɗinmu, wata dattijuwa da ba ta ɓoye magana, ta fara leƙo ɗakina.

"Injiniya, hoton nan fa tafiyar hawainiya yake yi. In hadari ya haɗo kuwa sai mu yi ta zama muna kallon marar lafiya, shi ma yana kallonmu."

"Hajiya, ba daga nan ba ne," in ji ni. "Kamfanin faiba ne. Ni nawa aikin ba shi da tabo."

Wata shida ina ba ta wannan amsa. Waya tana binne a ƙasa, me ya haɗa ta da hadari? Tambayar da ko ɗan firamare zai yi ke nan, amma ni mai satifiket a jikin bango ban taɓa yin ta ba. Na ma sha kiran ma'aikacin kamfanin in zazzaga masa, ya ba ni haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani.

Wata rana da damina, bayan azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙanwata ta kira ni daga gidanmu a Tudun Jukun tana kuka. Mahaifiyata ta fito kwashe shanya ta zame, kanta ya bugi bakin dakali. Suka kawo ta wurin aikinmu cikin keke napep, duk sun jiƙe. Tana magana, amma maganar ba ta haɗuwa, kuma ta yi amai a hanya. Likitan da ke bakin aiki ya ja ni gefe ya ce a ɗauki hoto yanzu. In jini ne ke taruwa a ciki, dole a kai ta babban asibiti a yi aiki a yau, kuma kowane minti yana da daraja. In babu, sai a kwantar da ita a sa mata ido.

Aka ɗauka. Mai karatun hoto ya bugo ya ce yana zaune gaban kwamfutarsa yana jira. Na tsaya ina kallon ɗan layin da ke nuna tafiyar hoton, yana jan ciki kamar an ɗaure masa dutse. Minti ashirin, ko kwata bai kai ba. Babbar nas ta yi mini wani kallo, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ruga ɗakina na kira mutumin kamfanin faiba, ina ihu cewa uwata ce a kwance. Ya bari na gama, ya ce, "Yallaɓai, Allah ya ba ta lafiya. Amma ga layinka ina gani, lafiyarsa ƙalau. Kusan ma babu kaya a kansa." Na kashe waya don haushi, sannan maganar ta dawo mini. Babu kaya a kansa? To ina hoton yake bi?

Na kira abokina, wanda ya girme ni a sana'ar, shi ya fara koya mini aikin. Na shiga karanto masa makin da na ba kowace hanya.

"Dakata, mutumina," ya ce. "Ka daina karanta mini abin da ka rubuta. Bi sawun hoton ka ga ta inda yake fita."

Akwai umarni guda da ke nuna duk zangon da saƙo ya yada a hanya. Na buga shi. Zangon farko da ya fito, eriya ce. Na sake bugawa, eriya dai. Ashe saƙonnin ofis da sunayen marasa lafiya, ƙananan kaya, su ne ke holewa a kan faiba, hotuna kuwa, masu nauyin duka, suna hawa rufi su yi ta dambe da ruwan sama.

"Ka taɓa rubuta wa ma'ajiyar hoton adireshinta ita kaɗai da hannunka?" in ji abokina.

Kafin ya rufe baki na tuna. Lokacin da muka buɗe wurin, faiba ba ta iso ba, eriya kaɗai gare mu. Don a fara aiki, na rubuta layi guda a cikin rauta cewa duk abin da za shi ma'ajiyar hoto ya bi ta eriya. Ita kuwa rauta halinta ɗaya da mai keke. In ka ce masa mutanen Tudun Wada su bi titi, sannan ka ce amma gida kaza a bi ta lungu kaza, cikakken kwatancen zai ɗauka, duk kyan titin. Ba ta ko duba maki sai adireshi biyu sun zo daidai.

Na gangara ƙasa cikin rubutun rauta na samo layin. A gefensa ga bayanin da na bar wa kaina: na wucin gadi ne, zan goge gobe.

Yanzu sai shawara. Hoton ya kusa rabi. In na goge layin, mai yiwuwa turawar ta katse ta koma farko. In na bari, sai wata sa'a guda, in ma ruwan bai ƙaru ba. Na tambayi abokina, ya ce, "Ni ba na ganin allonka. In ka yarda da sauran aikinka, goge." Wata shida ina cika baki da wannan aiki, amma a lokacin nan ban yarda da ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Na yi bisimilla na goge.

Turawar ta tsaya cik, ta koma farko. Sai kuma ɗan layin da ke nuna tafiyar hoton ya zabura, kafin in gama Inna lillahi ya wuce rabi, kafin in miƙe tsaye ya cika.

Bayan 'yan mintuna mai karatun hoto ya bugo. Babu jini a ciki, ƙashi bai fashe ba, kumburi ne a waje da jijjigar buguwa. A kwantar da ita a sa ido. Na zauna a ƙasan ɗakin nan mai sanyi, tsakanin wayoyi, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan rana ba.

Washegari na je na ba babbar nas haƙuri. Ta ce, "Ai na san ba ka da mugunta, kunne ne ba ka da shi." Na kira mutumin kamfanin faiba, shi ma na roƙi gafara, ya yi ta dariya.

Ni ne ɗan fari, don haka mahaifiyata ba ta kama sunana, balle ta yabe ni a gabana. Amma da ta warware na ji tana gaya wa masu zuwa dubiya wai yaron nan ne ya gyara injin aka gane ciwonta. Abin ya dame ni. Da suka watse na durƙusa na ce, "Inna, ni na toshe hanyar tun farko. Abin da na ɓata ne na gyara."

Tana jan carbi ta ce, "To, Allah ya rufa asiri. Amma iyayen mutane da aka kawo kafin ni fa?"

Wannan tambaya ce ta mayar da ni wurin likitanmu, muka bi takardun wata shidan nan ɗaya bayan ɗaya. An yi jira, an sha wahalar zama, amma bai ga wanda jinkirin ya yi wa illa ba. Na yi hamdala, na kuma san ba wayona ba ne.

Tun daga nan duk inda na haɗa hanya biyu, sai na bi sawun kayan da idona, zuwa da dawowa, in zare babbar wayar da gangan in ga ta ko-ta-kwana ta ɗauka, in mayar in ga an dawo. Wanda duk ya ce mini abu yana nauyi, ko mai shara ne, sai na tashi na duba. Mahaifiyata tana nan da ƙafarta, har yanzu ita ke kwashe shanyarta duk hanin da muke yi. Ni kuma har yau in na ji hannuna zai rubuta gobe a cikin rauta, sai in tuna cewa kowane hoto da ke bin wayar nan, akwai wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana jiran a gaya masa halin da uwarsa take ciki.