Masaukin Baƙon Damagaram

Na riƙe muƙamin magatakardan ƙungiyarmu ta marubuta tun tana taro a wani zaure a Fagge, har ta yi rassa a Damagaram, Garwa da Kumasi. Saboda haka na san al'adar da muka ginu a kanta: wakilin da ya zo daga wani reshe ba ya kwana a otal. Idan Musulmi ne, a gidan ɗan ƙungiya Kirista na Sabon Gari yake sauka. Idan Kirista ne, mu na Fagge ke karɓarsa. Iyayen ƙungiyar sun ce marubucin da bai taɓa cin abincin maƙwabcinsa ba bai cancanci ya rubuta labarinsa ba.

A shekarar da muka yi sabon shugaba, reshen Damagaram ya turo wani dattijo mai rubuta waƙoƙi. Saukarsa ta faɗo kan Madam, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, wadda ke rubuta labaran yara. Ta riga ta share ɗaki, ta sayi sabuwar buta da darduma.

Shugaba ya kira ni gefe.

"Malam, zamani ya canza. Dattijo mai rawani a Sabon Gari? Me za a ce da mu? Ka kai shi otal, ka ce wa Madam an fasa zuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa rubuta wa ƙungiyar nan ƙarya ba, ba kuma zan faɗa wa Madam ƙarya da baki ba."

"To ka zaɓa, ko umarnina ko kujerarka."

Na tari dattijon a tashar mota ta Bata, na gaya masa komai, domin haƙƙinsa ne ya sani. Ya yi dariya.

"Matar tana dafa tuwo?"

"Har da miyar kuka, Baba."

"To me muke jira a rana?"

Madam ta tarbe mu a ƙofa, mijinta ya karɓi jaka, ita kuma ta nuna wa baƙo alƙibla da hannu ba tare da ta yi kuskure ba.

A taro na gaba aka sauke ni. Kafin in tashi daga kujerar, na rubuta dalilin saukewar da hannuna a littafin taro, na karanta shi da ƙarfi, na tambaya ko akwai mai gyara. Shugaba ya dubi ƙasa. Babu wanda ya gyara ko kalma ɗaya.