Anya Mai Makulli da Gwajin Jini

Yayana mai yanka makulli ne. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, ɗan wurin da in ya ware hannu zai taɓa bango da bango. Injin yanka na kan tebur, ɗanyun makullai na rataye a ƙusoshi, garin ƙarfe kuwa har a girarsa. Mutanen layin Anya suke ce masa, don ba a gaya masa magana bai ce "anya kuwa?" ba. In ka kawo makulli a yanka maka irinsa, sai ya tambaye ka na wace ƙofa ne, wa ke kwana a ɗakin. Ya sha korar mutum don kawai idonsa bai kwanta masa ba. Ni ƙanwarsa ce, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba.

Matarsa malamar firamare ce, Anti nake ce mata. Cikinta na farko ya zube tun bai fito ba, aka ce sai haƙuri. Na biyu ma haka. Da na uku ya bi sahu, Yaya ya shiga neman mai laifi. Ya zargi hawa bene, suka koma ɗakin ƙasa. Ya zargi hayaƙin janareton maƙwabci har suka daina gaisawa. Ya ce maganin ƙarin jinin da ake ba ta jabu ne, ya riƙa ɗaga kwalin a rana yana duba hatimi. Da waɗannan suka ƙare sai ya juyo kanta.

Wata safiya ta fito daga wanka ta tarar ya zazzage jakarta a kan gado, yana shinshina wata ƙwaya.

"Ta ciwon kai ce," ta ce. "Me kake nema?"

"Ba komai."

"Zato kake ni nake zubarwa."

Ta mayar da kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Mu je asibiti tare, a auna ni, a auna ka. In ba za ka ba, ni na san hanyar gidanmu."

Ya je ne don a kama ta. Sakamako ya fito, nata lafiya lau, a nasa aka ga abu. Nan take ya ce an musanya kwalabe. Ya tafi wani ɗakin gwajin a can ƙarshen gari, bai gaya musu komai ba, ya tsaya a kan mai ɗibar jinin har ta manna sunansa a kwalbar a gabansa. Amsa ba ta canza ba.

Ranar da suka koma wurin likita ya ce in raka shi, wai kunnen mutum uku ya fi wuyar ruɗi. Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta ce a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, masu ɗauke da gadon halitta, biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A jikin Yaya, guntun wani zare ya yanke ya manne a wani, na wancan kuma ya dawo wurin wannan.

"To me ya sa ban taɓa ciwo ba?" ya tambaya.

"Saboda babu abin da ya ɓata, wuri kawai suka sauya. Matsalar sai wajen yin maniyyi, inda ake raba zaruruwan gida biyu. Wata ƙwayar maniyyin takan samu rabonta cif. Wata kuma guntu ɗaya ya yi mata yawa, ɗaya ya yi mata kaɗan. In irin wannan ce ta haɗu da ƙwan mace, yawanci cikin ba ya zama."

"Wa ya sa mini?"

"Ba sa wa mutum ake yi ba. Ko ka gada daga ɗaya cikin iyayenka, ko kuma a kanka ya fara."

Ya dube ta, ya dubi ƙofa, kamar mai jiran a ce masa akwai wani abu da zai saya. Ta ce babu maganin da ke mayar da shi, amma masu irinsa suna haihuwar lafiyayyu, kuma akwai gwajin da ake yi wa ciki in sun so.

Zarginsa ya koma kan Mama. Dukanmu mun san abin da ya sa tazara tsakanina da shi: ɓari ta yi ta yi, Gwaggo, yayar Baba, kuma ta shekara da shekaru tana ce mata mai kwandon ciki. Ya lallaɓa Mama da sunan duba hawan jini. Ta ce, "Kai da ba ka yarda da kowa, ni za ka yi wa wayo? Faɗi abin da kake so." Ya faɗa, ta miƙa hannu aka ɗiba. Ni ma na bayar.

Na Mama ya fito ba komai. A nawa aka ga abin da ke nasa, wuri ɗaya, iri ɗaya. Likita ta ce tunda mu biyu ne, kuma uwa ba ta da shi, to kusan tabbas ta wajen Baba ya zo.

Mama ta kalli tafin hannunta. Sai ta ce, "Gwaggonku har yanzu kunnenta na ji, ko?" Amma ba ta je ta gaya mata ba. Ta ce sanin ya ishe ta.

Anti ba ta yafe da wuri ba. Ta yi watanni tana kulle jakarta a durowa, makullin kuma a wani shago ta yanka. Sun ƙara rasa ciki ɗaya, wannan karon shi ya zauna a bakin gadon asibiti yana riƙe mata kofi. Na bayansa ya tsaya. Yaya bai sayi ko safa ba sai da ya ji kukan yarinyar, kuma ya bi ma'aikaciyar jinya har ɗakin awo don kada a canza masa ita.

Ni kuwa na gaya wa mai nemana komai, na ce ya je ya yi tunani. Ya dawo ya ce ya ji, ya gani, yana so. Yaya ya ce saurin yardar nan bai yi masa ba, sai shi ma an auna shi. Saurayin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da safe Yaya ya rufe shago, ya je ya tsaya masa a ƙofar gida da babur.