Mutumin da Ya Hana 'Yata Gudu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Sale makwancinsa a nan Libreville ta ƙasar Gabon, amma har yau idan na kwance dilar takalma a shagona na unguwar London sai na waiga gefen ƙofa, inda nake ajiye masa kujera. Takalman gwanjo nake sayarwa, sana'ar da ta haɗa ni da shi ke nan. Na yi mu'amala da mutane iri-iri, na san mai wayo, na san mai ilimi. Mai irin idonsa da hannunsa dai ban sake gani ba.

Aikinsa kula da jikin 'yan wasa ne a wata babbar makaranta ta garin nan. Ba shi ke koya musu gudu ko ƙwallo ba, wannan na koci ne. Nasa aikin yana farawa ne idan wani ya faɗi: targaɗe, gocewar ƙashi, jijiya ta ɗaure. Ɗalibai na kiransa Papa Swanyar da Faransancinsu, wato mai jinya. Mutumin Garwa ta Kamaru ne, mahaifinsa maɗori, shi kuma ya ɗora karatun boko a kan abin da ya gani a zauren gidansu.

Kullum bayan asuba yakan fito daga unguwarsu ta Alibandeng, ya biya wurin masu kifi ya karɓi ƙanƙara a buhu, ya riga kowa isa fili. Kafin ɗalibai su zo ya zagaye filin a ƙafa, yana tsince duwatsu, yana cike ramuka da dunduniyarsa. Na taɓa ce masa wannan aikin lebura ne. Ya ce ramin da ya cike da safe, ƙafa ɗaya ce da ba zai ɗaure da yamma ba.

Hutunsa ma wani abin kallo ne. Ranar Lahadi yakan tafi bakin teku da ƙugiya, ya wuni bai kama abin kirki ba, ko a jikinsa. Waɗanda ke jinya a hannunsa sukan bi shi, ya sa su tafiya cikin ruwa iya gwiwa, shi yana zaune idonsa na kansu, kifi na cinye masa tana. Ranar Asabar kuwa shagona yake zuwa, lokacin da muke kwance sabuwar dila. Ba saye yake yi ba. Ɗaukar takalmi yake ya kifa shi, ya duba inda ƙasan ya cinye, ya ce, "Wannan Baturen gwiwarsa ta hagu na damunsa. Wannan kuma mace ce mai sauri, amma tsoron gangara take." Mu yi ta dariya, don wa zai je Turai ya tambayo? Dariyar ta tsaya ne ranar da muka fito daga masallaci, ya ɗaga silifas ɗin wani tela maƙwabcinmu ya ce masa, "Malam, in ka yi ruku'u kwankwasonka na dama yana kama ka, ko?" Telan ya tsaya da baki buɗe. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yanzu. Samari na ɗaura agogon da ke ƙirga musu taku, 'yan ƙwallo na manna kyallaye masu launi a cinya, kowa na da likita a wayarsa. Ina jin ba zai raina ba, shi ba mai raina sabon abu ba ne. Abin da zai ba shi haushi takalman yanzu ne, masu laushi kamar burodi, da ke yagewa kafin ƙafa ta bar musu alamarta.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, mun kwana da kuɗi mun tashi da rabinsu. Duk abin da ke zuwa ta jirgi ya gagari hannu. Bandeji ya ɓace daga ɗakin Malam Sale, haka maganin feshin nan mai sanyi. Bai yi ƙorafi ba. Ya yanka tsohon tiyub ɗin mota ya yi abin motsa jijiya, ya wanke tsofaffin atamfofi ya yayyaga su ya yi ɗauri, ya koma wa man kaɗanya. Ana cikin haka gari ya rikice. Yajin aiki, ƙona tayoyi a titi, motocin jandarma a kowace kwana. Wata rana suka shiga makarantar, ɗalibai suka watse, wasu suka haura katanga.

Babbar 'yata Hadiza na cikin waɗanda suka haura. A unguwar Derrière la Prison ta garin nan aka haife ta, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta, gudun mita ɗari huɗu kuma babu mai kama ta a makarantar. Saura mako uku a yi tseren da za a zaɓi ɗaliba ɗaya a ba ta gurbin karatu a ƙasar waje. Kafin faɗuwar sefa ina da niyyar tura ta da aljihuna. Bayan faɗuwar, tseren nan kaɗai ya rage mata. Ta dawo gida ranar tana murmushi, ta ce lafiya lau. An rufe makaranta na ɗan lokaci, ta ci gaba da atisaye ita kaɗai a bayan unguwa. Ta ɓoye ciwon ne saboda tseren, da kuma jin da ake yi cewa ɗalibin da ya je asibiti da rauni sai an tambaye shi inda ya samo shi.

Bayan kwana goma Malam Sale ya zo shago. Takalmin gudunta na kan benci, ta kawo a liƙe mata gefe. Ya kifa shi, ya duba inda ƙasan ya cinye, sannan ya kira sunana.

"Uba, kira min Hadiza."

Ta zo tana tafiya tsaf, ni ubanta ban ga komai ba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "'Yata, tun yaushe kike taka gefen ƙafa?"

"Kawu, ai ƙalau nake."

"To madalla. Cire takalmin."

Ya ɗora babban yatsansa a bayan ƙafarta, wuri ɗaya, bai ko danna sosai ba. Yarinyar nan da ban taɓa ganin kukanta ba tun tana goye sai ga ta zaune a ƙasa, hawaye na zuba.

"Ba targaɗe ba ne," in ji shi. "Ƙashi ne ya tsage. In ta yi tsere a kansa zai rabu biyu, kuma irin wannan ba ya komawa daidai. Ba zan sa hannu ba."

Ba ɗalibin da ke shiga tsere sai da sa hannunsa. Washegari bayan la'asar na tafi gidansa da takalmi mafi kyau da na taɓa fitarwa daga dila. Ba zan ɓoye ba, saye na je yi. Ya dubi ledar ya dube ni, ya yi dariya.

"Kai, ɗan Kano! Yau kuma ƙafar 'yarka ka kawo kasuwa?"

Na ce, "Malam Sale, gudun nan minti ɗaya ne. Ka ɗaure mata tam, ta yi, ta ci, sannan ka yi jinyarta shekara in ka so."

"Minti ɗaya ne, gaskiyarka. Ƙafar kuma shekara sittin za ta yi tana taka ta. Koma da kayanka, ka sha shayi tukuna."

Ba ni kaɗai na matsa masa ba. Koci ya matsa, manyan makarantar ma suna son sunansu ya fito. Da jandarma suka zo suna tambayarsa sunayen ɗaliban da suka ji rauni ranar haura katanga, cewa ya yi shi ƙafa yake gani, bai san inda ta je ba. Mutum ɗaya, albashinsa ya zama rabi, ana jan sa ta ko'ina, bai ɗaga murya ba bai kuma matsa ko taku ɗaya ba.

Hadiza ba ta yi tseren ba. Wadda ta saba bari a baya ita ta tafi. Na yi watanni ba na yi masa magana, amma kullum da yamma sai ya zo gidana ya kwance ɗaurin ya sake, ya yi min sallama in amsa a maƙoshi. Da gari ya lafa na kai ta aka ɗauki hoton ƙashin, kuma wallahi don in kunyata shi na kai ta. Likita ya ɗaga hoton a jikin taga, ya nuna min wani siririn layi kamar gashi, ya fara haɗewa, daidai inda yatsan nan ya sauka. Ya tambaye ni a wane asibiti aka yi hoton farko. Na ce babu. Ya ce to wa ya gano? Na karɓi hoton muka fito.

Ba zan ce komai ya zama alheri ba, ni ba na sayar da kaya da ƙarya. Ba a sake yin irin wannan zaɓen ba a zamaninta. Hadiza ba ta fita waje ba, a nan ta gama, a nan take koyarwa, kuma na san akwai ranakun da abin ke dawo mata. Ni kuma har ya rasu ban taɓa buɗe baki na ce masa ya yi gaskiya ba. Na dai koma ajiye masa kujera, shi kuma ya koma zama, muka bar maganar a haka. Wannan na cikin abubuwan da ke damuna.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari yana yawo a titunan garin nan: manyan mutane masu furfura da ke hawa bene ba tare da sun dafa bango ba, da yawansu ba su ma san abin da aka hana su ya same su ba.

Shekara biyu da suka wuce Allah ya kira mu aikin Hajji ni da Hadiza. A tsakanin Safa da Marwa gwiwoyina suka ƙi, tun a zagaye na biyu. Na ce ta nemo min keken turawa. Ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatata ta ce, "Baba, jingina da kyau, ƙafar za ta ɗauke mu." Haka ta kai ni har na bakwai, nauyina duka a gefen da ya tsage. Da muka tsaya na ɗaga hannu, na manta da duk abin da na shirya roƙa wa kaina. Sunan Sale ne ya fara fitowa. Allah ya jiƙansa, ya yafe min shirun da na yi.