Ƙwaryar Tofi a Ɗakin Magaji

Shekarar da na dawo gida daga karatu, na ga wata takarda manne a bangon wani ɗakin shan magani a Maiyama. Shawarwari ne kan korona ga masu raunin garkuwar jiki: su karɓi ƙarin allura, su guji cunkoso, su nemi likita da zarar sun ji alama. Na karanta har ƙasa, na ce a raina wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a ƙauye ba. Wa zai guji cunkoso a gidan da moɗa ɗaya ke bakin randa, kowa da ita yake sha? Na ɗauka takardar za ta tsufa a bango ba ta amfani kowa ba. Daga baya aka ba ni labarin wata mata a Gumbin Kure wadda ba ta karanta boko, amma ta riƙe abin da ke cikin takardar fiye da ni.

Sunanta na yanka Halimatu, amma kowa Gudiya yake ce mata. Ta haura hamsin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna gidajensu. Sana'arta tsintar albasa. Idan manoman Aliero suka jibge amfaninsu a rumfuna, sukan ɗauki mata su ware mai kyau daga wadda ta fara lalacewa. Sauran mata sai sun latsa suke ganewa. Gudiya hancinta ke gaya mata, tun kafin ta kai hannu. Mai ƙyanƙyami ce tun tana yarinya. Ba ta shan ruwa a moɗar da wani ya sauke daga baki sai ta ɗauraye, kuma ta daɗe da sabawa da a ce mata mai iyayi.

Magaji ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. Manomin gero ne da albasa, mutum mai sanyin hali da kunyar manya. Da ƙodojinsa suka lalace aka gwada jinin 'yan'uwa, na Gudiya ne ya dace. Ba ta yi shawara da kowa ba. Aka yi aikin a wani babban asibiti a Kano, shekara guda kafin annobar, aka cire ƙodarta ɗaya aka dasa masa.

Kafin a sallame su, likitar da ke duba shi ta zaunar da Gudiya. Ta ce jikin mutum ba ya son baƙo, zai yi ta yaƙi da sabuwar ƙodar. Saboda haka Magaji zai riƙa shan magani kullum har ƙarshen rayuwarsa, maganin da ke kwantar da sojojin jikinsa. Ƙodar za ta zauna lafiya, amma murar da wani zai yi kwana uku ya watsake, shi tana iya kwantar da shi.

Da allurar korona ta iso, maganganu sun yi yawa a garin. Gudiya ba ta tsaya musu da kowa ba. Ta sa aka kira mata likitar Kano a waya, ta saurara. Likitar ta ce a yi masa, kuma shi sau uku za a yi, domin jikinsa ba ya amsa allura kamar na sauran mutane. Ta ce mutanen gidan ma su yi. Idan ya tashi da ɗan zazzaɓi washegarin allura, ba abin tsoro ba ne. Amma idan tari ya zo, a ranar za a kai shi asibiti, kuma kada a saya masa komai a kemis, don akwai magungunan da ba sa jituwa da na ƙodarsa. Gudiya ta fara miƙa nata hannun, sannan Raihanatu matar Magaji, sannan shi.

Ta farko da ta biyu sun wuce lafiya. Ta uku aka yi ranar wata Litinin a Maiyama. Talata da safe ya tashi jiki da ɗumi, dantse na ciwo. Gudiya ta taɓa goshinsa, ta ce abin da aka faɗa ne, ya kwanta ya huta. Ta hau babur ta tafi Aliero wurin aiki.

Raihanatu ta je niƙa. Wata maƙwabciya ta tambaye ta maigida, ta ce bai tashi da daɗi ba, allurar jiya ce. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kafin azahar maganar ta zaga gari ta zama allurar Turawa ta kayar da Magaji, ƙodar ta tsaya, ba a san ko zai kai gobe ba. A Gumbin Kure ba a jin irin wannan a zauna. Duk wanda bai je dubiya ba, za a tuna masa har jikokinsa.

Gudiya ta dawo bayan la'asar. Tun daga zaure hancinta ya gaya mata. Takalma sun cika ƙofar ɗakin Magaji, an sake labule, an rufe taga saboda wai iska ba ta da kyau ga mai zazzaɓi. Ta ɗaga labulen, warin zufa da goro da numfashin mutane ya doke ta. Maza goma sha ɗaya ne a ciki, gwiwa na gugar gwiwa. Ƙwarya da ruwa tana zagawa hannu zuwa hannu. Kowa ya karɓa sai ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tofa sau uku, ya miƙa wa na kusa.

Ƙwaryar ta ƙare a hannun Baba Alu, ƙanen mahaifinsu, babban danginsu yanzu. Mura yake yi, idanunsa sun yi ja, bakinsa cike da goro. Tofin wasu iska ce kawai da ɗan danshi. Nasa ana jin saukarsa. Ya yi tari, ya fyace hanci a gefen rigarsa, da hannun nan ya shafa fuskar Magaji daga goshi zuwa gemu, sannan ya kai masa ƙwaryar baki. Daga inda take tsaye Gudiya tana ganin jajayen ɓarɓashin goro suna yawo a kan ruwan, da kumfa a gefe.

"Magaji, aje ƙwaryar ga," in ji ta.

"Yaya, Baba na yab ba ni."

"Na ce ka aje ta."

Baba Alu ya juyo a hankali. "Ke Gudiya, mi kike nuhi? Addu'a ta. Mutum goma sha ɗaya sunka yi tohi cikinta."

"Na gani, Baba. Na ga goronka ma shina iyo bisa."

Wani daga kusurwa ya fara dariya, ya mayar da ita tari.

"Tun ba a haihe ki ba nike tohi," in ji tsohon. "Uwarki da cikinki ta sha tohina, mi yas same ta?"

"Inna ƙodarta biyu, Baba, kuma duk nata na. Wanga ɗaya gare shi, ita ma tawa ta."

Ta tsallaka ƙafafun mutane, abin da mace ba ta yi, ta karɓe ƙwaryar da yatsu biyu tana kau da kai. Ta fita da ita tsakar gida, ta tuttule a gindin zogale. Ta dawo ta buɗe taga, ta ɗage labule. Ta ce Allah ya saka da alheri, ya ba da ladar zumunci, amma a koma zaure a ƙarasa addu'ar, daga can ma tana isowa. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallonta. Baba Alu yana neman takalminsa yana cewa shi da gidan nan har abada.

Da ɗakin ya zama ba kowa, ta tambayi Magaji ko ya sha.

"Kurɓi ɗaya." Ya sunkuyar da kai. "Ko biyu. Yaya, ƙaƙa zan ce ma Baba a'a gaban mutane?"

Ta zaga bayan ɗaki ta durƙusa, har sai da Raihanatu ta kawo mata ruwa. Zuciyarta ta tashi da yawun, ta tashi da kunyar da ta sa ƙato mai 'ya'ya huɗu ya haɗiye shi yana sane.

Zazzaɓin allura ya sauka washegari, kamar yadda aka faɗa. A rana ta huɗu wani zazzaɓin ya zo, da tari. Raihanatu ta ce a ɗan duba zuwa gobe. Baba Alu, duk da rantsuwarsa, ya aiko da jiƙo da wasu ƙwayoyi a leda daga wani kemis a Jega. Gudiya ta ajiye su a kan katanga. Ta sa wa Magaji takunkumi, ta ɗora shi a babur zuwa Maiyama, daga can suka shiga mota zuwa Birnin Kebbi. Gwaji ya nuna korona ce. Likitocin suka yi waya da ta Kano, suka daidaita magungunansa, suka sa masa iskar numfashi. Kwana tara Gudiya tana zaune a barandar asibiti, ba a barinta ta shiga. Abin da take tambayar ma'aikatan jinya kullum ɗaya ne: yana fitsari? Ta san duk ranar da fitsari ya tsaya, ƙodar ta tafi, kuma ba ta da wata da za ta ba shi.

Bai tsaya ba. Magaji ya dawo gida a rame. Ƙodar tana aiki, ko da yake gwajin jini bai koma yadda yake a da ba, kuma ban ruwan albasa ya fi ƙarfinsa yanzu.

Ba wanda zai iya rantsewa daga bakin wa cutar ta fito. Mutum goma sha ɗaya ne a rufaffen ɗaki. Amma garin bai tsaya wannan lissafin ba, ya riga ya yanke nasa hukuncin: zubar da ruwan addu'a ne ya jawo. Murar Baba Alu ta warke cikin mako guda, kuma har yau ita ce hujjarsa a majalisa. In cuta ce a bakinsa, me ya sa shi ba ta kwantar da shi ba? Akwai matan da suka daina amsa gaisuwar Gudiya a wurin suna. Ita kuma ta sa an kafa benci a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Nan ake dubiya yanzu, mai tari kuma daga nesa yake ɗaga hannu.

Da na je Aliero na same ta a rumfar albasa, ta ɗaure hanci da gefen mayafi, tana jefa ruɓaɓɓu a kwando ba tare da ta dube su ba. Muka gaisa, ta ba ni labarin kamar yadda na ji shi, ba ta ƙara ba ta rage ba. Da zan tashi na tambaye ta abin da ya tsaya mini a rai: a matsayinta na mai sallah, ba ta ji tsoro ba da za ta zubar da ruwan da aka karanta ayoyi a ciki?

Ta ɗaga wata albasa ta shinshina, ta jefa a kwando.

"Addu'ar ta riga ta isa inda za ta tun suna karantawa," in ji ta. "Allah ba shi bukatar ƙwarya. Abin da niz zubar, yawun Baba Alu na da goro."