Ƙwayoyin da Na Zubar

Hajji ya kawo mu Makka ni da matata, muka ƙi komawa gida. Ina tura tsofaffin alhazai a keken guragu, ita tana soya ƙosai a lungunmu na Mansur. Wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, yana tsoron asibiti kamar yadda yake tsoron 'yan sanda, don haka 'ya'yanmu biyar duk a ɗaki aka haife su, a hannun ungozoma.

A haihuwa ta biyar jini ya ɓalle mata. Wadda ta tsayar da shi wata ma'aikaciyar jinya ce, Bahaushiya haifaffiyar nan, mai gida a unguwar Shisha. Ita da wasu mata sun haɗa kai, duk Alhamis bayan la'asar suna tara matan da ba su da takarda, su duba lafiyarsu, su koya musu tazarar haihuwa. Ranar suna ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, jikin matarka ya gaji. In ta sake ɗaukar ciki nan kusa, wallahi ban ce za ta tashi ba."

Na ce haihuwa ta Allah ce.

"Ta Allah ce, kawu, amma sau nawa ka yi naƙuda? Kai da ko man suya ya ɗiga maka a yatsa sai an ji ka a Shisha!"

Matan da ke cikin ɗaki suka kwashe da dariya. Dariyar na riƙe a raina, maganar kuwa na bar ta a nan bakin ƙofa.

Bayan wata biyu, a teburin mai shayi, wani ya nuna mana hoton bidiyo a waya: mata a wata ƙasa sun cika titi da kwalaye, wai suna neman a bar musu iko da jikinsu. Ya ce irinsu ne matan Shisha, sai dai su da abaya suke yawo. Ban tambayi wani malami ba. Na tashi na je gida na birkita kayan matata, na sami ƙwayoyin tazarar haihuwa a gwangwanin madara, ta binne su a cikin wake.

"Baban yara, ba haihuwa nake ƙi ba," in ji ta. "Tsoro nake ji. Ka bar ni in huta ko shekara biyu."

Na zuba su a masai tana kallo. Na ce halas, an gama, daga yau ƙafarta ba za ta sake taka Shisha ba, kuma duk wanda ya kira matar nan a gidana ban yafe ba. 'Yarmu babba tana tsaye, ta ji komai.

Cikin ya zo. Ƙafafunta suka kumbura har ta daina suya, ni kuwa ina cewa ai ta saba.

Naƙuda ta tashi da safiyar Babbar Salla. Ina tura wani tsoho daga Muzdalifa zuwa Mina, cikin cunkoson da ko juyawa ba a yi, sai 'yata ta buga mini waya tana kuka. An haihu tun hantsi, jini ya ƙi tsayawa, ungozoma ta yi abin da ta iya. Maƙwabta sun ƙi kiran motar asibiti don kada a kwashe lungun gaba ɗaya. Na ce me ya hana ta kiran matar Shisha.

"Baba, kai ka ce ba ka yafe ba."

Awa uku yarinyar nan ta yi da lambar matar a hannunta. Na ce ta kira yanzu. Matar ta zo da motarta ta ɗauki matata, amma ba su kai ƙofar asibiti da ita da rai ba. Jaririyar ta rayu.

Daga baya na zauna gaban wani malami na faɗa masa komai. Ya ce tazara saboda lafiyar uwa ba laifi ba ce, ya tambaye ni wa ya ba ni fatawa. Na ce masa ba kowa.

An yi mata salla a Harami, cikin dubban alhazai. Masu ta'aziyya suka yi ta riƙe hannuna suna cewa ta dace, mutuwar haihuwa, a Makka, a ranar Salla, wa zai samu irin wannan. Ina amsa musu da amin. A lokacin ba wanda ya san abin da na yi sai 'yata, kuma har yau in ta kawo mini abinci ajiyewa take ta fita, ba ta ɗaga ido.