Maganin Alhaji Manzo a wurin ciyayya

Har yau ban manta da ranar kasuwar da Alhaji Manzo ya ajiye mini kwalin magani a kan tebur ya juya ya fita ba. Ku da kuka zo aiki bana, ku saurara, don za ku gamu da irinsa.

Lokacin ni ne majo a nan Matameye, wato babban ma'aikacin jinya, wanda duk abin da ya lalace shi ake nema. Alhaji Manzo dattijo ne mai sayar da kilishi. Kowane rani yana Kano, ruwan farko ya dawo gonarsa ta hanyar Kurni. A waccan shekarar ya faɗi a bakin teburinsa a Kano, hannun hagu ya mutu na 'yan kwanaki, sannan Allah ya tashe shi. Lokotoron can, wato likita, ya auna jininsa ya ga maiƙo ya yi yawa, irin wanda ke taruwa a jijiya har ya toshe ta. Ya rubuta masa maganin tansiyo, wato hawan jini, da wani mai suna atobastatin. Shi wannan ƙwaya ɗaya ake sha kullum da yamma, kuma ba a dainawa. Wahalarsa ita ce mutum ba ya jin aikinsa a jiki. Ba ya kashe ciwon kai, ba ya sa barci, faɗuwa ta biyu kawai yake tarewa.

Ba mu ajiye wannan magani a nan. Sai na yi waya Damagaram, a ba direban tasha, ni kuma in bi rana in karɓo. Na yi haka da zuciya ɗaya, amma abin ya fara ba ni haushi. Maganin wata guda, kafin wata ya raba sai ga Alhaji da murmushinsa, wai ya ƙare.

Na ce, "Alhaji, ko biyu-biyu kuke sha?"

Ya ce, "Haba Majo, yadda aka ce haka nake yi. Bayan tuwo."

Ranar nan na tashi aiki a gajiye, amma na ce sai na ga wannan tuwo da idona. Na iske su bayan magariba a ƙofar gidansa, su biyar a kan tabarma, kowane gida an fito da kwano, ana ciyayya kamar yadda aka saba. Aka matsa mini na sa hannu. Da aka wanke hannu, Alhaji ya zaro goro ya fasa ya zagaya da shi. Sai ya zaro kwalin da na sha rana a kansa, ya ɓallo ƙwaya ya miƙa wa Malam Habu, limamin unguwar, sannan na kusa da shi, har aka zagayo kansa. Kowa ya kora da ruwan buta ya yi hamdala. In kwali ya ƙare kuma, duk su zauna babu sai wani ya zo.

Na yi musu sallama na tafi. Da safe na kira shi ofis.

Ya ce, "Ɗana, tun muna kiwon awaki kwanonmu ɗaya da mutanen nan. Kitsen da na ci, tare muka ci shi. In ya toshe tawa jijiyar, tasu ya bar ta? Kuma ta yaya zan jefa abu a baki suna kallona?"

Na ce, "To na tansiyon fa, shi ma kuna rabawa?"

Ya ce, "A'a, wannan fitsari yake sa mutum. Ba abin ba aboki ba ne."

Na yi dariya, amma a raina na san maganarsa ta farko ba shirme ba ce. Na yi masa bayani cewa shan yau da barin gobe ba ya tsare kowa, su bai amfane su ba, shi kuma ya bar kansa a buɗe. Na ce abokan su zo a auna su, wanda ke bukata a rubuta masa nasa. Sai dai injinmu na ɗakin gwaji ba shi da ruwan gwajin maiƙo, dole sai Damagaram, ga shi ana tsakiyar noman farko. Malam Habu ya aiko mini cewa in an gama maimai za su je. Na sa baki har na gaji, na bari.

Alhaji dai ya ji maganata. Ya koma shan abinsa a cikin ɗaki, a ɓoye kamar mai aikata abin kunya, ya ce wa abokan likita ya hana.

Gero na fitar da kai Malam Habu ya faɗi a gona. Kafin a kawo shi a amalanke rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai, ranar kasuwa, Alhaji Manzo ya shigo ana cikin layi. Bai zauna ba. Ya ajiye kwalin a gabana.

Ya ce, "Majo, ka ce in hana shi, na hana shi. Ga abinka."

Na bi shi har bakin ƙofa ina rantse masa cewa ƙwayar da Malam Habu ke samu jefi-jefi ba za ta hana abin da ya faru ba. Gaskiya na faɗa, kuma ko yau ita zan faɗa. Ya ce ya sani, kwana ne ya ƙare, amma shi maƙogwaronsa ba zai wuce da ita ba. Na je gidansa, na aika ɗansa, na sa lokotoronmu ya yi masa magana. Ya karɓe mu da fara'a, ya ba mu kilishi, bai sha ba.

Da rani ya koma Kano. Kafin azumi aka dawo da shi kwance a bayan mota, gefe guda ya shanye, baki ba magana.

Na ji ciwon abin nan ƙwarai, kuma na gaji irin gajiyar da barci ba ya cirewa. A makaranta an koya mana rubuta magani da sunan mutum ɗaya, alhali dattijon garin nan ba ya rayuwa shi kaɗai. Shi ya sa in an kawo muku irin wannan takardar magani daga Kano ko Katsina, kafin ku tambayi mutum me yake ci, ku tambaye shi da wa yake zama, ku je ku same su gaba ɗaya.

Ina zuwa auna masa tansiyo ranar Juma'a. Abokan nan uku da suka rage sun mayar da ciyayyarsu cikin zaurensa. In an gama, ɗaya ya tallafo kansa, ɗaya ya sa masa ƙwayar a baki, su tsaya a kansa sai sun ga ya haɗiye. Yanzu kwalin yana kaiwa ƙarshen wata.