Muryar da Ta Isa Kunne Ɗaya

Jama'a, salama gare ku. Na ga saƙonninku, har da masu tambayar ko na bar Dutse ne. Ban bar ta ba, ina nan unguwar Yalwawa. Murya ce ta bar ni, kuma sai yau zuciyata ta yarda in ba ku labari.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne tafinta a cocinmu. Fasto ya yi wa'azi da Turanci, ni in juya shi Hausa saboda tsofaffi. Ban iya waƙa ba, ba ni da dukiya, amma Allah ya ba ni maƙogwaro. Ko an ɗauke wuta ba na neman lasifika.

Abin ya fara ne da dishewar murya. Na ce sanyi ne, na dage da citta. Maƙwabcina Malam, mai makarantar allo, ya kawo mini zuma ya ce, "Ni da kai duk da maƙogwaro muke aiki, maƙwabci. Sha ka huta." Zumar na sha, hutun ne ban yi ba.

Wata Lahadi Fasto yana wa'azi kan dawowar Almasihu. Ya ce kowace baiwa amana ce, kuma Mai ita zai dawo ya tambayi abin da aka yi da ita. Ya tsaya ya jira ni. Na buɗe baki, iska kawai ta fita.

Na sake gwadawa. Babu.

Mama Saratu, wata tsohuwa da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, tana layin gaba ta zuba mini ido tana jiran sauran maganar. Haka aka tashi ba ta ji ƙarshenta ba.

A asibiti aka ba ni magani, bai yi ba. Aka tura ni Kano. Can suka zura mini wata siririyar waya mai kyamara ta hanci, hawaye na zuba, ina kallon cikin wuyana a allo. Likita ya nuna wani ƙari ya ce, "Sai mun cire mun kai gwaji kafin mu san ko ciwon daji ne." Daga jin kalmar daji ban ƙara fahimtar komai ba. Matata ce ta riƙe sauran bayanin.

Kuɗin aiki ya fi ƙarfin albashina. Na sayar da babur ɗina, zumuntar matan cocinmu suka cika sauran. Ko na gode ban iya furta musu ba.

Bayan tiyata aka hana ni magana gaba ɗaya, har da raɗa, har da gyaran murya. In ina son ruwa sai in buga cokali a jikin kofi. Matata ta ce, "Baban Rahila, tun da na aure ka yau ne na fara jin kukan tsuntsaye a gidan nan." Na so in yi dariya, ita ma an hana.

Amma gaskiya na ji tsoro, kuma ba mutuwa kaɗai nake tsoro ba. Wa'azin nan da ya maƙale a wuyana shi ya hana ni sakat. In Ubangiji ya dawo yau ya same ni kwance da cokali a hannu, me zan nuna masa? Bawan nan na cikin Linjila da ya binne baiwarsa ai shi ya zaɓa. Ni ban binne tawa ba, karɓewa aka yi. Na yi ta tambaya a zuci ban samu amsa ba. Addu'a ma ta gagare ni, don ban saba yin ta shiru ba.

Sakamako ya fito, ba daji ba ne. Matata ta durƙusa a ofishin likita tana kuka. Sai likitan ya ƙara da cewa, "Muryar za ta dawo, amma ba irin ta da ba. Ka manta da ɗaga ta."

Haka kuwa aka yi. Ta dawo 'yar ƙarama, a shaƙe, ba ta wuce tsawon hannu.

Ranar da na koma coci wani ne a tsaye a wurina. Yana ƙoƙari, amma Hausarsa ta 'yan boko ce, rabi duk Turanci. Na samu kujera na zauna ina jin kaina kamar baƙo. Sai ga Mama Saratu ta taso da sandarta ta zauna kusa da ni.

"Ɗana, me yake cewa?"

Na nuna mata wuyana, na ce a hankali, "Mama, muryar ta ƙare."

Ta ce, "To ba ga shi na ji ka ba? Matso nan. Kuma ka fara da wancan da ka bari a rabi, har yau ina jira."

Na sunkuya a kunnenta na ƙarasa mata: Mai amana zai dawo ya tambayi abin da aka yi da ita. Ta gyaɗa kai ta ce, "To, ci gaba."

Har yanzu ina kewar tsohuwar muryata, wani lokaci har da hawaye. Ban san dalilin da ya sa aka rage ta ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa matata, da zumuntar mata, da likitocin, da Malam da zumarsa, da ku masu addu'a.

Don Allah, in muryarku ta dishe ta ƙi washewa, ku bar citta ku je asibiti a duba wuyan. Malamai, mawaƙa, masu wa'azi, ku riƙa hutar da maƙogwaro. Wanda kuma yake da abin yi wa Ubangiji, ya yi shi yau tun yana hannunsa.

Ni dai in Ubangiji ya dawo ranar Lahadi, ya san inda zai same ni: layin gaba, kusa da kunnen dama na Mama Saratu, don na hagun ba ya ji.